A bar yara su san kukun nan mai ƙafa ɗaya

A hutun da ya wuce na ɗauko wani tsohon littafi daga ƙasan akwatina na ba ɗan yayana, yaro ɗan shekara goma sha uku da ya fara jin Turanci sosai. Littafin shi ne Treasure Island na Robert Louis Stevenson, wanda in da Hausa ne sai mu ce Tsibirin Dukiya. Bai kwana uku a hannun yaron ba sai ga mahaifinsa ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, riƙe da littafin. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Yanzu kai duk littattafan duniya ka rasa wanda za ka ba yaron nan sai labarin 'yan fashi? A wannan zamanin da muke ciki?" Ya ce tun shekaranjiya yaron ba shi da zance sai na wani mai ƙafa ɗaya da aku a kafaɗa, yana ta yabon wayonsa da iya maganarsa.

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar masa ya kai ƙarshe, sannan mu zauna." Ya mayar masa, amma ba da son ransa ba.

Tsoron Yaya yana da tushe. Wanda ya ga yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, aka sake kwashe 'yan mata a Jangebe bayan wata biyu da rabi, wanda ya ga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato sun watse, wanda ya ga 'yan bindiga na baje kuɗin fansa a TikTok samari suna kallo, ba za a ga laifinsa ba in ya ƙi jinin duk labarin da zai ƙara wa ɗan fashi kwarjini. Duk da haka ra'ayina shi ne 'ya'yanmu su karanta wannan littafi, su karanta shi cikakke, kuma babban dalilina shi ne wancan mai ƙafa ɗayan da Yaya ke gudu.

Stevenson mutumin Sikotilan ne. An haife shi a Edinbara a 1850, ya yi fama da ciwon ƙirji kusan duk rayuwarsa, ya rasu a tsibirin Samowa a 1894 yana ɗan shekara 44. Labarin ya faro ne a 1881 a wani ƙauye mai suna Braemar, inda ruwan sama ya tsare iyalinsa a ɗaki, shi da agolansa Lloyd Osbourne suka zana taswirar wani tsibiri don ɗebe kewa. Daga taswirar labari ya fito. An fara buga shi kashi-kashi a wata mujallar yara mai suna Young Folks daga ƙarshen 1881 zuwa farkon 1882, sannan ya fito a littafi a 1883. Sunan farko da ya raɗa masa yana nufin Kukun Jirgi. Tun daga nan mutum zai gane wanda marubucin ya ɗauka a matsayin ginshiƙin labarinsa, ko da yake yaro ne ke ba da shi.

Yaron shi ne Jim Hawkins, wanda iyayensa ke da wani ƙaramin masauki a bakin teku a yammacin Ingila, a ƙarni na 18. Wani tsohon matuƙin jirgi mai tabo a kunci, Billy Bones, ya sauka wurinsu da akwatinsa, ya yi ta shan barasa yana tsorata mutane, ba ya biyan kuɗin ɗaki. Yana ba Jim 'yan sulalla duk wata don ya sa masa ido a kan wani matuƙi mai ƙafa ɗaya. Jim ya yi ta mafarkin wannan mutum cikin dare, yana ganinsa kamar dodo yana binsa da tsalle. Sai tsofaffin abokan Billy suka fara zuwa: ɗaya ya rasa yatsu biyu, ɗayan makaho ne mai suna Pew, wanda ya murɗe wa Jim hannu har ya kusa karya shi. Kowannensu da ganinsa ka ga mugu. Billy ya mutu, Jim ya samu taswirar inda wani ƙasurgumin ɗan fashin teku, Kyaftin Flint, ya binne dukiyarsa. Ya kai ta ga Likita Livesey da wani attajiri mai gonaki, Trelawney, su kuwa suka yanke shawarar sayen jirgi a Biristol su je su tono.

A Biristol ne Jim ya fara ganin Long John Silver, mai gidan cin abincin da Trelawney ya ɗauka kukun jirgi. An yanke masa ƙafar hagu tun daga ƙugu, yana dogara sanda a hammata. Jim ya riga ya ji labarin ƙafar a wasiƙar Trelawney, gabansa ya faɗi. Amma da ya gan shi sai hankalinsa ya kwanta: ga mutum dogo, mai tsabta, mai fara'a, yana zagaya teburorin baƙinsa yana fito, yana dafa kafaɗar wannan yana tsokanar wancan. Jim ya ce a ransa ai shi ya san kamannin ɗan fashi, ya ga uku da idonsa, wannan kam ba irinsu ba ne. A nan Stevenson ya kafa tarkonsa. Ya ɓata babi shida yana koya wa yaron, da mai karatu, cewa mugu yana da siffa, sannan ya kawo wanda ya fi su duka hatsari da siffar kawun da kowa zai so.

Ga kuma Kyaftin Smollett, mutumin da aka ɗauka ya ja jirgin. Ba ya dariya, ba ya lallashi. Ranar farko ya faɗa wa Trelawney a fuska cewa ba ya son tafiyar, ba ya son ma'aikatan da aka ɗauka, kuma asirin taswirar ya riga ya zama zancen kasuwa. Ya kori Jim zuwa kicin yana cewa ba ya son ɗan lele a jirginsa. Jim ya tsane shi ƙwarai. Alhali duk abin da ya faɗa haka yake. Trelawney ne ya kasa riƙe bakinsa a Biristol, kuma shi ne ya bar wa Silver zaɓen yawancin ma'aikata, wato ya ba kura ajiyar nama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Babi na 11 shi ne wurin da nake so kowane yaro ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar ya karanta, ko da ba zai karanta sauran ba. Ana dab da isa tsibirin, da dare, Jim ya ji kwaɗayin tuffa, ya je gangar da ake ajiye ta a saman jirgi. Ta kusa ƙarewa, sai ya shige ciki gaba ɗaya, barci ya fara ɗaukarsa. Sai wani ya zo ya jingina da gangar ya fara magana. Silver ne, yana zawarcin wani saurayi ma'aikacin jirgi mai suna Dick don ya shiga cikin 'yan fashin da suka saje da ma'aikatan jirgin. Abin da ya fi sosa wa Jim rai a wannan lokaci shi ne kalmomin yabon da Silver ya yi wa Dick: kai yaro ne amma kana da kaifin basira, tun ganina da kai na farko na gane, zan yi maka magana kamar babba. Su ne ainihin kalmomin da ya yi wa Jim a Biristol, ba ragi ba ƙari. Yaron da mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, wanda ya samu babban mutum da ke kiransa kicin yana ba shi labarin teku yana nuna masa akunsa, ya gane cewa yabon nan kayan aiki ne, ana zaro shi a yi wa duk wanda ake son kamawa.

Ban san wani wa'azi da zai iya yin wannan aikin ba. Muna faɗa wa yara su guji mugun aboki, suna amsawa da to, amma a zuciyarsu mugun aboki shi ne mai jajayen idanu da gora a hannu. Wanda ke jan yaro cikin daba ko sara-suka ko bangar siyasa, ko ya mai da shi mai kai wa 'yan bindiga rahoto, sau da yawa shi ne wanda ya fara kiransa da suna a majalisa, ya saya masa shayi da burodi, ya sa masa kati a waya, ya ce masa kai ba irin sauran yaran nan ba ne, kai namiji ne. A gida kuwa sai tsawa. Littafin yana barin mai karatu ya so Silver da gaske, ya ji daɗin zama da shi, sannan ya cusa shi cikin ganga ya ji yadda ake sayar da wannan soyayyar. Yaron da ya taɓa jin wannan zafin a takarda, ina sa ran zai gane ƙamshinsa in ya same shi a bakin titi.

Kuma Silver ba ya kama da sauran 'yan fashin ta kowace fuska, abin da ya ƙara masa hatsari ke nan. Su mashaya ne, marasa haƙuri, ba sa tunanin gobe. Shi ba ya buguwa. A cikin hirar nan ta bakin ganga yana ba Dick labarin yadda Pew ya kashe fam dubu ɗaya da ɗari biyu cikin shekara guda, ya koma bara da yunwa. Shi kuwa kuɗinsa na banki, ya rarraba su nan da can don kada a yi zargi. Yana da mata, baƙar fata ce, wadda ya bar wa amanar sayar da gidan cin abincinsa da kwashe kuɗin su haɗu a wani wuri. Shekararsa hamsin, burinsa ya dawo ya zama babban mutum mai keken doki. Yana roƙon abokansa su yi haƙuri, a bar Smollett ya kai su, a bar likita da attajiri su tono dukiyar, sannan a far musu. Da aka tambaye shi yadda za a yi da su, sai ya ce kisa, don ba ya son wata rana wani ya dawo ya tona masa asiri yana cikin rufin asirinsa. Haƙuri, tattali, tsabta, ladabi, riƙon iyali: duk halayen da muke yaba wa mutum da su yana da su, ya ɗora su a kan zuciyar da kashe mutum bai dame ta ba. Stevenson da kansa ya faɗa cewa ya samo shi ne daga abokinsa William Ernest Henley, mawaƙi mai ƙarfin jiki da ƙarfin hali da aka yanke wa ƙafa. Ya ɗauki kwarjinin abokin da yake ƙauna, ya zare masa kirkin.

Wanda ke zargin littafin da yi wa ɗan fashi kwalliya ya karanta babi na 14. Jim na ɓoye a cikin daji ya ga Silver yana lallashin wani ma'aikaci mai gaskiya, Tom, ya shigo cikinsu. Tom ya ƙi, ya juya baya ya kama tafiya. Silver ya kama reshen itace, ya zare sandar hammatarsa ya jefe shi da ita a tsakiyar baya, Tom ya faɗi, Silver ya bi shi da ƙafa ɗaya ya soka masa wuƙa sau biyu. Jim ya suma. Da ya farfaɗo sai ya ga Silver a tsaye yana goge wuƙarsa da ciyawa, hularsa a kai, kamar ba abin da ya faru. Babu kwalliya a nan. Sandar da ke sa a tausaya masa ita ce makamin.

Mu da muka tashi da tatsuniya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kakanninmu ba su ɓoye mana Gizo ba. Sun ba mu shi da kwaɗayinsa da ƙaryarsa da tsamin bakinsa, muna dariya muna son ya tsira, kuma babu wanda ya tashi ya ce zai zama Gizo. Abin da muka koya shi ne gane Gizo in mun gan shi cikin mutane. Bambancin kawai, Silver yana zubar da jini a gaban idonka, kuma ba ya kama da abin dariya.

Abin da ya ɗaga littafin sama da sauran labaran yara na zamaninsa, a ganina, shi ne rabinsa na biyu, inda layin da ke tsakanin mutanen kirki da miyagu ya fara dusashewa. Jim ya saci jiki ya bar 'yan uwansa ba izini, ya yanke igiyar jirgi, ya kashe wani ɗan fashi mai suna Israel Hands, ya dawo cikin dare yana murna sai ya faɗa hannun abokan gaba. Suka so kashe shi. Silver ne ya tsaya a gabansa, ya ce duk mai son taɓa yaron ya zaro takobi. Amma da suka keɓe ya faɗa masa gaskiya: ni in cece ka daga waɗannan, kai ka cece ni daga igiyar rataya. Ciniki ne. To, ciniki ne kaɗai? Mai karatu zai ji kamar akwai ɗan so na gaske a ciki, domin Silver ya ga yarintarsa a jikin Jim. Washegari kuma, ana tafiya neman dukiya da igiya ɗaure a ƙugun Jim, yaron ya kalli idon Silver ya gane cewa in zinariyar ta samu, alkawarin jiya ya tashi. Da aka tarar ramin wayam, kafin sauran su gama mamaki Silver ya riga ya sake sheƙa, ya miƙa wa Jim bindiga a ɓoye. Mutum ne da zai iya sonka ya kuma sayar da kai a yini ɗaya, kuma duniya cike take da irinsa.

Akwai wani ɗan wuri da nake yawan komawa. Likita Livesey ya zo duba marasa lafiyar 'yan fashin, waɗanda zazzaɓi ya kama saboda sun yi zango a fadama. Silver ya bar shi ya gana da Jim a bakin shinge, bayan Jim ya yi alkawarin ba zai gudu ba. Likita, wanda alƙali ne kuma tsohon soja, mutumin da ya fi kowa nutsuwa a labarin, ya raɗa wa yaron cewa ya tsallake shingen su ruga, laifin a wuyansa. Jim ya ƙi. Ya ce ya ba da kalmarsa, Silver ya yarda da shi, zai koma. Babba mai mutunci ne ya ce a karya alkawari, yaro ya riƙe, kuma wanda aka riƙe wa alkawarin mai kisan kai ne. Wannan ya ishi malami da ɗalibansa muhawarar darasi guda cur: shin alkawari da azzalumi alkawari ne?

Sai maganar dukiyar kanta, inda nake da ƙorafi a kan littafin, kuma inda nake ganin mai karatu ɗan Afirka yana da abin cewa da ɗan Ingila na 1883 bai damu da shi ba. Dukiyar wa ce? An ƙiyasta ta fam dubu ɗari bakwai. Tun a babi na 6 likita da attajiri sun buɗe littafin lissafin Billy Bones, sun ga jerin kuɗi na kusan shekara ashirin, kowane layi da alamar jirgin da aka nutsar ko garin da aka wawashe. Trelawney da kansa ya fassara alamomin, ya yi wa matattun addu'a, sannan a zama ɗaya ya ce gobe zai tafi Biristol neman jirgi. Har ya faɗa cewa wani lokaci yakan yi alfahari da Flint ɗan Ingila ne, saboda yadda Sifaniyawa ke tsoronsa. Babu wanda ya ce a nemi magada, babu wanda ya ce a kai wa hukuma, alhali ɗaya daga cikinsu alƙali ne. Yaron da ya yi karatun allo ya san ko tsintuwa ka yi sai ka yi cigiya shekara guda, ya kuma san kayan sata ba ya halatta don ya sauya hannu. Haƙƙin su Trelawney a kan zinariyar nan bai wuce na su Silver ba ko da anini. In ma ana maganar wahala, su Silver ne suka zuba jininsu a kanta. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ɓangare na da tutar Ingila da kotu a bayansa.

Tarihin da ke ƙarƙashin labarin ya taɓo gaɓar tekunmu. A hirar bakin ganga Silver ya ce likitan da ya yanke masa ƙafa an rataye shi tare da mutanen Roberts a wata ganuwa da ya kira Corso. Wannan ita ce ganuwar Cape Coast da ke Gana a yau. Bartholomew Roberts ɗan fashin teku ne na gaske, sojan ruwan Ingila suka kashe shi a 1722 a gaɓar Gabon ta yanzu, aka yi wa mutanensa shari'a a Cape Coast aka rataye 52. 'Yan Afirka fiye da sittin da aka kama a jiragensa kuwa ba a ma kai su gaban alƙali ba, sayar da su aka yi. Ganuwar da kotun ta zauna ita ce hedkwatar kamfanin Ingila mai fataucin bayi, a ƙarƙashinta akwai kurkukun da ake tara mutane kafin a loda su. Wato masu satar mutane da lasisi ne suka rataye masu satar kaya ba lasisi. Biristol ɗin da jirgin su Jim ya tashi, a shekarun 1730 ita ce kan gaba a Ingila wajen wannan fatauci, kuma a watan Yuni na 2020 ne mutanen garin suka tumɓuke gunkin Edward Colston, ɗaya daga manyan wancan kamfani, suka jefa shi cikin ruwa. Tsabar zinariyar da ake kira gini, wadda ake ta ambata a littafin, an fara buga ta a 1663, kuma sunanta daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma ne, inda aka kwaso zinariyar. Azurfar Sifaniyawa da akun Silver ke ta kiran sunanta dare da rana, da yawanta daga dutsen Potosi na Bolibiya ta fito, inda aka tilasta wa 'yan ƙasa haƙa. Dukiyar Flint sata ce a kan sata, kuma littafin bai ce uffan a kan masu ita na asali ba.

Amma ba zan ce Stevenson bai ji warin abin ba sam. Lokacin da Jim ya fara ganin tarin zinariyar a kogon Ben Gunn, tsohon yaron Flint da ya riga kowa tono ta, abin da ya zo masa a rai shi ne mutum goma sha bakwai na jirginsu da suka riga suka mutu a kanta, da jiragen da aka nutsar, da jinin da aka zubar kafin a tara ta. Shi Ben Gunn ɗin, wanda ya yi shekara uku shi kaɗai a tsibirin yana mafarkin cuku, an ba shi fam dubu, ya ƙarar da su cikin kwana goma sha tara, rana ta ashirin ya dawo bara. Cikin mutum ashirin da shida da suka isa tsibirin daga Biristol, biyar kaɗai suka dawo da jirgin. In ka duba waɗanda suka mutu a ɓangaren masu gaskiya, barorin Trelawney ne uku da ya kwaso daga gidansa, ciki har da tsohon mai gadin dajinsa, Redruth, wanda tun farko bai so tafiyar ba. Iyayen gida sun dawo da arziki, bayi sun zama ƙasa a tsibirin da ba su san sunansa ba. An kuma bar 'yan fashi uku a can, sun durƙusa a kan yashi suna ɗaga hannu suna roƙo, jirgi ya wuce.

Mutum ɗaya ne a duk littafin ya tsaya ya tambayi kansa nawa ne haƙƙinsa, kuma ita ce mace ɗaya tilo da ta fito a ciki: mahaifiyar Jim. Daren da Billy Bones ya mutu, 'yan fashi na tafe, mazan ƙauyen sun ƙi raka ta, ta koma ta buɗe akwatin mamacin don ta ɗauki kuɗin ɗakin da take binsa. Ga jakar zinariya a hannunta, ga mutuwa a bakin ƙofa, ta zauna tana ƙirga tana ware kuɗin ƙasashen da ba ta san lissafinsu ba, ta ce ba za ta ɗauki ko kwabo fiye da nata ba, ba kuma za ta bar nata ba. Jim ya ga abin kamar taurin kai, yawancin masu karatu ma haka suke wuce wurin. Ni kuwa ina ganin da ita ya kamata a auna duk mazan da suka biyo baya, likita da attajiri har da ɗanta.

In akwai abin da zan goyi bayan Yaya a kai, to, shi ne abin da aka yi wa wannan labari daga baya. Taswira mai alamar wurin tono, aku a kafaɗa, ƙafa ɗaya, duk daga nan suka bazu, finafinai da katun da wasannin waya suka ɗauka suka mai da ɗan fashin teku ɗan barkwanci mai ado. Wannan ne ke yi wa fashi kwalliya. Haka ma 'yan siraran bugu masu hotuna da ake taƙaitawa don makarantu. Irinsa na fara karantawa ina ƙarami, kuma sai da na girma na samu cikakken na san akwai littafin lissafin Billy Bones, na san akwai ƙirgar mahaifiyar Jim. An cire nauyin, an bar mini farautar zinariya. Malaman adabi da iyaye masu hali su nemi cikakken, babi 34 ne gajeru, su zauna da yara su bi shi a hankali, Turancin matuƙan jirgin yana da wuya amma ana iya fassara musu. Ina kuma fatan wani mai alƙalami zai juya shi zuwa Hausa ba tare da ya datse komai ba, ya bar wa Silver zaƙin bakinsa yadda yake, kada ya ƙara masa ƙaho don a gane shi da wuri.

Bayan mako guda yaron ya kawo mini littafin. Ransa a ɗan ɓace yake. Ya ce, "Baffa, ai ba a hukunta shi ba." Haka ne. A wata tashar jiragen ruwa a yankin Amurka da ke hannun Sifaniyawa, Silver ya sulale cikin dare a ƙaramin kwalekwale da jaka guda ta gini ɗari uku ko huɗu, sauran ma suka ji daɗin rabuwa da shi da araha, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Jim kuwa, da ya samu rabonsa, ya ce ko da shanu da igiya ba za a mayar da shi tsibirin nan ba, kuma har yanzu yana firgita cikin barci da ƙarar igiyar ruwa da muryar aku. Na tambayi yaron ko har yanzu yana son Silver. Ya yi shiru, sannan ya ce yana sonsa, amma ba zai yarda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Mahaifinsa na zaune a gefe yana ji. Da zai tafi ya miƙa hannu ya ce in ba shi littafin, ya kuma ce in sa masa takarda a babin gangar.